Kai da Wa, Yakubu?

Ƙarfe bakwai saura kwata na safe, ranar Laraba, aka shigar da ni wani ɗaki a saman bene, a wata ƙasar Larabawa da ba zan faɗi sunanta ba. Mu uku ne a ɗakin: ni, da wani Balarabe mai shan shayi wanda bai ko ɗaga kai ya dube ni ba, da dillalin aikin da ya kawo ni, ɗan ƙasarmu, wanda kowa yake kira Oga. Zan faɗi abin da ya faru bi da bi, zango bayan zango, domin ba na son labari mai tsalle-tsalle.

Sunana Yakubu. Mutumin Fadan Kagoma ne ni, manomin citta, karatuna bai wuce aji uku na sakandare ba. Shekarar da cuta ta ruɓar da citta a cikin ƙasa, na tone gonata kaf ban cika kwando ba. Shi ya sa na saurari Oga da ya ce akwai aikin lambu kusa da birni, kuma akwai coci da mutum zai iya zuwa da ƙafa. Maganar cocin na fi nanatawa, domin a cocinmu ni ne mai jagorar sujada tun kafin in yi aure.

Zango na farko shi ne wannan ɗakin. Oga ya karɓi fasfo ɗina ya miƙa wa Balaraben. Balaraben ya karanta sunana, ya yi wata tambaya, Oga ya riga ni amsawa, fasfo ya shiga aljihun tebur, aka murɗa makulli. Muna saukowa daga bene Oga ya dafa kafaɗata.

"Bros, sunanka ya taimake ka. Yakubu, shi ke nan. Kada ka ƙara komai a kai."

Na ce, "Ni Kirista ne."

"Na sani mana. Ni ma Sunday ne sunana a gida. Amma kana cewa Allah, kana cewa in Allah ya yarda, wa zai gane? Ka ci abincinka kawai."

"Cocin da ka ce fa?"

Ya yi dariya har ya riƙe ƙarfen bene. "Coci yana cikin zuciya, bros."

Ban ƙara ganin Oga ba daga ranar.

Zango na biyu gonar dabino ce, tafiyar rabin yini daga birni. Babu lambu. Ma'aikata daga ƙasashe dabam-dabam, ba mai jin yaren wani, foman, wato shugaban ma'aikata, yana magana da hannu da tsawa. Ranar farko da aka kira salla, wani siriri da muke jan tiyon ruwa tare ya ja hannun rigata. Na girgiza kai, na haɗa yatsu biyu na nuna masa gicciye. Ya yi sororo, ya nuna bakina ya ce, "Allah, Allah?" Wato ai ya ji ina faɗa. Ba ni da harshen da zan gaya masa cewa a wurinmu da Hausa muke sujada, kuma da wannan sunan kakata ta kira Ubangiji har ta mutu. Ya ɗaga kafaɗa ya tafi sallarsa. Da ya dawo ya raba gurasarsa biyu ya ba ni rabi. Ba wanda ya takura mini a kan addini a gonar nan, ba zan yi musu ƙarya ba.

Lahadi ce ta kawo matsala. Ranar hutunsu Juma'a ce. Lahadin farko na sa farar rigata na zauna a bakin gado. Foman ya zo ya yi tsawa, na nuna masa sama, ban tashi ba sai da rana ta yi tsaka. Lahadi ta zagayo na maimaita. Kafin ta sake zagayowa, a-kori-kura ta zo, aka jefa jakata a baya, aka nuna mini in hau.

Zango na uku garken awaki ne a cikin hamada. Ɗakin kwano ɗaya, tankin ruwa, shingen waya, sai wani tudun dutse a baya. Direba ya sauke ni da buhunan dusa ya juya. Wani tsoho baƙi kamar ni, da farin rawani, ya fito daga cikin awaki yana ɗingishi. Ya yi mini Larabci, na girgiza kai. Na dubi gabas da yamma, babu itace ko ɗaya, sai na ce a ƙasan maƙoshi, "Allah ya taimake mu."

Tsohon ya tsaya cik. "Amin! Kai Bahaushe ne?"

Na ce, "A'a, Baba. Mutumin Kagoma ne ni, kudancin Kaduna. Kirista."

"Kirista da Hausa a baki? Ya zol, duniya da faɗi!"

Sunansa Abakar, daga Sudan. Kakanninsa sun taso daga ƙasar Hausa da ƙafa za su hajji, suka zauna a hanya, suka bar wa jikoki harshen. "Ya zol" haka suke kiran mutum a can. Ya nuna mini katifa, ya nuna mini bunsurun da ba a juya masa baya, ya dafa shayi mai sukari har yana kama leɓe. Na ce a raina wahala ta ƙare, tunda ga mai jin magana, kuma a nan ba mai hana ni Lahadi.

Dole in bayyana yadda nake addu'a, in ba haka ba ba za a gane abin da ya same ni ba. Dattijon da ya koya mini jagora ya ce addu'a tana da tsari, kuma ban taɓa karya shi ba. Na farko godiya. Na biyu neman gafara. Na uku ƙasa da shugabanni. Na huɗu ikkilisiya, wato jama'ar coci. Na biyar marasa lafiya da masu makoki. Na shida matafiya. Na bakwai rufewa. Idan mai jagora ya ce "a cikin sunan Yesu," sai ya yi shiru. Amin ba nasa ba ne, na jama'a ne. A gida ma haka muke: ni in yi addu'a, matata Rifkatu, mai kirana Baban Alheri, da yara su amsa. Mahaifiyata, Mama, kunnenta ya yi nauyi, sai ta ga bakin sauran ya motsa sannan ta ce nata. Saboda haka a gidanmu Amin biyu ne, na kowa, sai na Mama a baya shi kaɗai. Ba na buɗe ido sai na ji na biyun.

Lahadin farko a garke, bayan mun ba awaki ruwa, na share gefen ɗaki inda inuwa take, na kifa bokiti ya zama teburi, na sa farar riga. Na yi addu'ar buɗewa. Na rera waƙa. Na karanta nassi. Da na iso wurin sanarwa na ce, "Babu sanarwa a wannan mako," domin ba a tsallake abu a tsari. Sai babbar addu'a, ɗaya zuwa bakwai. Na ce, "A cikin sunan Yesu." Na yi shiru.

Bunsuru ya yi atishawa.

Na daɗe a tsaye ido a rufe. Daga baya na naɗe rigata, amma duk yinin ji nake kamar na bar ƙofar gida a buɗe na tafi gona. Na zauna, na tashi, na zagaya shinge, na dawo. Abakar yana kallona daga kan tabarmarsa. Tun ranar ya sa mini suna Limamin Awaki.

Sai na yi dabara. A saman tudun dutsen nan ne kawai waya take samun sabis. Na riƙa yin addu'ar a cikin saƙon murya, in hau tudu in aika wa Rifkatu. Wani lokaci amsa ta zo a ranar, wani lokaci sai bayan kwanaki, ni kuwa ina yawo da addu'a a buɗe kamar ciwon da ba a ɗaure ba. Wata rana na sauko da amsarta na kunna a gaban Abakar. Muryarta ta ce, "Amin, Baban Alheri. Yara sun ce Amin. Mama ma ya ce Amin."

Abakar ya ajiye kofin shayi. "Mama ya ce? Liman, mamarka namiji ce?"

"Hausar Kagoma ke nan, Baba. Allah yana ganewa."

"To, in yana gane wannan, babu abin da ba zai gane ba." Ya kurɓi shayi. "In tambaye ka mana. Kullum ina jin ka. Mun zo gabanka, mun gode maka, mun yi zunubi, muna roƙo. Kai da wa?"

"Ni da ikkilisiya."

Ya waiga hagu, ya waiga dama. "Tana ina?"

"Tana Kagoma."

"Su suna can suna yin tasu. Nan daga kai sai ni sai awaki. Ni na yi tawa da asuba. Awaki kuwa ban ga zunubin da suka yi ba, in ka cire wancan bunsurun."

Na ce, "Haka ake yi."

"Ban ce ba haka ake yi ba, ya zol. Mu ma muna da mu a cikin salla. Amma in na sallame, nakan ɗaga hannu in gaya masa gwiwata tana ciwo, in gaya masa 'yata ba ta kira ba. Kai ban taɓa jin ka gaya masa ko ciwon kai ba. Tambaya kawai na yi."

Na ji haushi. Ranar ban sha shayinsa ba. Na ce a raina, wane ne shi da zai koya wa mai jagorar sujada addu'a? Amma tambayar ta bi ni cikin awaki. Washegari na shiga ɗaki shi yana waje, na durƙusa, na ce, "Ya Ubangiji, na zo..." Bakina ya tsaya. Na sake gwadawa, ya sake tsayawa. Na saba shiga gaban Allah kamar yadda ake shiga fadar sarki cikin tawaga, ni ne mai magana a madadin mutane. Wakili yana da abin faɗa. Da aka janye mutanen daga bayana, sai na ga Yakubu ba shi da ko gaisuwa.

Nan tsoro ya kama ni, kuma shi ne ainihin wahalar wannan tafiya, ba zafi ba, ba fasfo ba. Shin Allah ya san ni, ni ɗin nan, ko muryar cocinmu kawai ya sani? Idan muryar ce, to a hamadar nan babu wanda yake ji na. Na koma "mu," ta zama mini kamar ƙarya. Na gwada "ni," ta ƙi fita. A ƙarshe na daina duka biyun. Farar riga ta koma ƙasan jaka. Ba na iya zama wuri ɗaya. Da tsakar rana, lokacin da awaki ma suke neman inuwa, ni ina bin shinge ina ɗaure wayar da ba ta kwance ba. Rifkatu ta aiko tana tambaya, "Baban Alheri, ina addu'an mu? Yara suna jira." Na ce mata aiki ne ya yi yawa. Abakar bai sake kirana Liman ba, kuma wannan ya fi tsokanar ciwo.

Zango na huɗu shi ne saman tudun. Wata Litinin da safe na hau, saƙon Rifkatu ya shigo. Ba ta yi gaisuwa ba. Ta ce Mama ta kwanta bayan ta ci abinci, ba ta tashi ba. Ta ce an sa biso, wato jana'iza, ranar Asabar. Ta ce Fasto ya ce tunda ni ne ɗan fari, kuma ni ne mai jagora, ni zan yi addu'ar rufewa ta waya, a ji muryata a bakin kabari. Na amsa da to. Ba zan iya gaya wa mace mai makoki cewa mijinta ya manta hanyar addu'a ba.

Ranar Asabar na ciro farar riga, na shafa ta da hannu, na hau tudu da rana tsaka, dutse yana ƙona tafin takalmi. Kira ya shiga. Na ji Zumuntar Mata ta cocinmu suna waƙa da tulunsu da cakinsu, na ji kukan jariri, na ji tarin wani dattijo da zan gane ko daga ina. Sai muryar Fasto: "Jama'a, a yi shiru. Ɗan'uwa Yakubu yana kan waya daga ƙasar waje, shi zai rufe mana." Rifkatu ta ce, "Baban Alheri, na sa a bakin makirufo. Fara."

Na rufe ido. Abin mamaki, magana ta dawo kamar ba ta taɓa tafiya ba, tunda ga jama'a a bayana. Na gode domin rayuwar Mama, da hannunta da ya ɓare citta har ya yi kanta. Na nemi gafara. Na yi wa ƙasa da shugabanni. Na yi wa ikkilisiya. Na yi wa masu makoki. Na yi wa matafiya, waɗanda suka zo biso daga Kafanchan da Kaduna, a kai su gida lafiya. Na rufe. Na ce, "A cikin sunan Yesu."

Na jira Amin mai ƙarfi irin na taron biso. Shiru. Na ƙara jira, kuma sai na gane kunnena yana jiran na biyun ma, na Mama, mai zuwa a baya.

Na buɗe ido. Fuskar wayar baƙa ƙirin, jikinta kamar an ciro daga murhu. Zafi ya kashe ta. Daga baya Rifkatu ta gaya mini tun ban gama godiya ba muryata ta ɗauke, Fasto ya ɗan jira, ya rufe da kansa. Ashe duk sauran na yi su ne a saman dutse, ni kaɗai, waya matacciya a kunne.

Abin da ya fito daga bakina ba ya cikin tsari. Na ɗaga kai na ce da ƙarfi, "Kai ma ka yanke ne?"

Wannan ce magana ta farko da ni Yakubu na yi wa Allah, kuma da fushi na yi ta. Da ta fita, sauran suka biyo, ba da Hausa ba ma, da yarenmu. Ban taɓa yi masa magana da yare ba. A wurina yare na gida ne, na gona, na gardama da Mama a kan gishirin miya, Hausa kuwa ta coci ce. Na ce masa ni ne Yakubu ɗan matar da ake rufewa yanzu. Na ce ban ga fuskarta ba, ban zuba ƙasa ba. Na ce an yaudare ni, fasfo ɗina yana cikin aljihun teburin wani. Na ce ina jin tsoro in mutu a nan a binne ni inda ba mai sanin sunan gidanmu. Na ce kullum ina roƙonka ka kai matafiya gida, ga ɗaya a tsaye, ban taɓa sa shi a ciki ba. Na koma baya, na maimaita, na haɗa godiya da ƙara, na yi kuka da majina a kan farar riga.

Ba zan ƙara gishiri ba. Ban ji murya daga sama ba, iska ba ta canja ba, wayar ma ba ta kunnu ba sai da yamma. Amma na tsaya na yi tunani yadda na iya. Addu'ar da na yi da matacciyar waya, ko dai ta zube a kan dutse, ko wani ya ji ta. Ni da nake yin ta ban ji ta zube ba. In kuwa an ji ta, to mutum ɗaya aka ji, domin mutum ɗaya ne a wurin. Na share fuska. Na ɗan jira kamar yadda na saba. Sannan na ce, "Amin," da bakina, a makare, ni kaɗai, kamar na Mama.

Ina saukowa na tarar da Abakar a tsakiyar tudu, zaune a kan dutse da butar ruwa. Da wannan gwiwar ya hau. Ya miƙo mini butar.

Ya ce, "Allah ya ba ka haƙuri, Yakubu. Uwa ɗaya ce."

Na ce, "Na gode, Baba."

"Ban ji yaren ba. Amma na ƙarshen nan ba da jama'a kake magana ba."

"A'a."

"To madalla. Sha ruwa, Liman. Na ba awaki nasu."

Zango na biyar shi ne komawa. Na ƙarasa wa'adin aikin a garken, domin babu hanyar fita kafin nan. Farar riga ta dawo ranar Lahadi, da tsarinta ɗaya zuwa bakwai, domin ban ga laifin tsari ba har gobe. Amma kowace safiya kafin in buɗe wa awaki, nakan tsaya bayan tanki in faɗi nawa. Wata rana maganar ta zo, wata rana ta bushe in tsaya kawai. Abakar bai zama Kirista ba, ni ban zama Musulmi ba, kuma ba wanda ya ja wani.

Ranar da a-kori-kura ta zo da fasfo ɗina, ya raka ni bakin shinge. Shi ba shi da inda zai koma. Garinsu babu zaman lafiya, iyalinsa sun warwatse, 'yar da yake jira ba ta kira ba har lokacin. Ya riƙe hannuna ya ƙi saki, direba yana danna ham.

Ya ce, "Na haddace tsarin nan naka, ya zol. Godiya, gafara, shugabanni, ikkilisiya, marasa lafiya. In ka kai na shida, ka sa ni. Mu tun kakanni muna kan hanya."

Yanzu ina Fadan Kagoma. Na je kabarin Mama, na sake shuka citta, na koma jagora. Ranar Lahadi in na ce "a cikin sunan Yesu," coci ya amsa har kwano ya yi ƙara, kuma ina jin daɗinsa. In na kai na shida ina kiran sunan Abakar, har wani dattijo ya tambaye ni ɗan wane gida ne. Lambarsa ta daina shiga tun damina. Nakan fita bayan gida in gwada, in dawo, in sake fita. Ban sani ba ko yana garken, ko an mai da shi wani wuri, ko yana da rai.

Saboda haka ga roƙona gare ka, kai mai karatu, kuma ina so ka bi shi yadda na jera. Na farko, ka nemi wurin da babu kowa. Na biyu, ka gaya wa Allah sunanka, da yaren da uwarka take kiranka da shi. Na uku, ka roƙa wa Abakar mai kiwon awaki, a kai shi gida, 'yarsa ta kira. Kada ka ce muna roƙo, ka ce ina roƙo. Na huɗu, in ka gama, kada ka jira kowa. Ka ce Amin da bakinka.